Ba kyawun hoto ne ya kori fim daga Katsina ba

A shagon hoton kawuna, cikin birnin Katsina, akwai wani kwalin madara da ake turawa ƙarƙashin benci. Cike yake da hotunan da aka ɗauka, aka kai wanki, aka biya kuɗin wankin, masu su kuma ba su sake waiwayarsu ba. Ƙawayen amarya cikin anko, ɗaliban da suka gama sakandare, wani bawan Allah a kan babur ɗin aro, yara cikin kayan Sallah sun ƙame kamar an dasa su. Kowane hoto an rubuta suna da biro a bayansa, wani har da unguwa. Kawu "banki" yake ce wa kwalin nan, wai nan ne kaɗai ya taɓa ajiye kuɗi masu kauri. Ni ne yaron shagon tun 1997, in na taso daga makaranta, kuma duk ƙarshen wata aikina ne in zazzage kwalin in duba ko akwai fuskar da na sani, in bi ta har gida in karɓo kuɗi. Da wuya in dawo da abin kirki.

Duk lokacin da aka tambayi dalilin da ya sa masu hoto suka bar fim suka koma kyamarar dijital, amsa biyu ake bayarwa. Wani ya ce zamani ne, wani ya ce dijital ta fi fitar da hoto. Zamani dai ba amsa ba ce, suna ne da muke raɗa wa abin da muka kasa bayyanawa. Ta biyun kuma a yau gaskiya ce, amma a shekarun da aka yi sauyin ba haka take ba. Mutanen da suka ajiye kyamarorin fim irin su Yashica da Pentax da Minolta wajajen 2005 zuwa 2010 sun san sarai cewa fim ya fi abin da suka saya fitar da farar shadda. Sun sani, suka sauya duk da haka. Wanda yake son ya gane dalili, kwalin nan zai fara leƙawa.

Fim wata siririyar leda ce da aka shafe da sinadarin azurfa mai jin haske, aka naɗe ta cikin ɗan gwangwani. In ka danna kyamara, ƙofa ta buɗe ta rufe cikin ƙiftawar ido, haske ya taɓa ledar ya bar tabon da ido ba ya gani. Sai an tsoma ta cikin ruwan magani a duhu tabon yake bayyana, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Shi ya sa Bahaushe ya kira shi dodon hoto, don in ka ɗaga shi sama za ka ga mutum da baƙaƙen haƙora da farar fuska. Daga dodon ake haska hoton a kan kati, shi ma a wanke shi. Gwangwani ɗaya hoto 24 ne ko 36. Gwani kan matsa ya samu 37, wani lokaci 38, kuma wannan ɗan rarar riba ce da ake alfahari da ita.

Babban abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin dannawa da gani. Mai hoto na wancan lokaci yana sayar da abin da shi kansa bai gani ba. Ya ɗauka ranar Asabar, ba zai san abin da ya ɗauka ba sai Talata ko Laraba. Na baƙi da fari Kawu da kansa yake wankewa a wani ɗan lungu bayan shago, da jan ƙwan fitila da faranti uku. Na kala kuwa ba a yi masa wannan wasan. Tsarin wankinsa, wanda ake kira C-41, yana son ruwan magani ya tsaya a zafin digiri 37.8, fim ya yi minti uku da daƙiƙa 15 a ruwan farko. In zafin ya ɗan goce, kalar ta goce. Inji ne yake iya riƙe wannan, injin kuma ba na talaka ba ne. Mu Kano muke aikawa, tafiyar kusan kilomita 170, mu ba direba a tasha ambulan da kuɗi, mu zauna jiran Allah.

Abin da ke iya faruwa a cikin wannan tazara ba ya ƙirguwa. Fim ba ya son zafi, a firji ya kamata ya zauna, ga shi kuwa ana sayar da shi a kan tebur a watan Afrilu, lokacin da rana take iya haura digiri 40. Wani ya wuce ranar da aka rubuta a kwalinsa, sai hoto ya fito da wani kore-kore ko ja-ja kamar an jiƙa shi da zoɓo. Yaro ya buɗe bayan kyamara don ya ga hoton, shi ke nan an gama. Direba ya ajiye ambulan a gaban mota rana ta gasa shi tun daga Charanchi har Bichi. A can wurin wankin ma, wuta ta ɗauke fim yana tsakiyar inji. Duk waɗannan sunansu ɗaya a bakin mai hoto: fim ya ƙone.

Wanda ba na mantawa da shi laifina ne. Wani ɗaurin aure ne a 1999, Kawu yana da aiki biyu rana ɗaya, sai ya ba ni ƙaramin. Na sa fim cikin gaggawa, na rufe, na shiga aiki. Na ɗauki waliyyai, na ɗauki ango cikin abokansa, da yamma aka shigar da ni soro aka fito da amarya da ƙawayenta. Ina dannawa ina juyawa, lamba tana hawa, 30, 34, 36. Da na ga 38 na yi murna. Da na ga 40 kuma har yanzu hannun juyawar bai cije ba, sai na ji cikina ya ɗuri ruwa. Ashe bakin fim ɗin bai kama haƙorin da ke jansa ba tun farko. Lamba ce kawai take tafiya, fim yana kwance cikin gwangwaninsa ko motsi bai yi ba. Da akwai alama, ɗan murfin naɗewa da ke hagu ya kamata ya riƙa juyawa duk lokacin da aka ja fim, kuma Kawu ya sha gaya mini in riƙa kallonsa.

Bayan kwana huɗu uwar amarya ta zo da kanta. Kawu ya miƙe tsaye, ya cire tabarau.

"Malam, ina hotunan ɗiyata?"

"Hajiya, sai haƙuri. Fim ɗin ya ƙone."

"Duka?"

"Duka, Hajiya."

Ta yi shiru, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "To yanzu mi kake so in ce ma dangin ango? A sake ɗaura auren?"

Kawu ya mayar mata da kuɗinta, ya ƙara da alkawarin ɗaukar hoton suna kyauta in Allah ya kawo rabo. Ba ta dawo ba, kuma gidajen danginta kaf muka rasa su. Bai dake ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗan nan, mu ba hoto muke sayarwa ba, amana muke ɗauka." Duk mai hoton da ya yi zamanin fim yana da irin wannan labari, in ya ce ba shi da shi ɓoyewa yake yi. Saboda haka ranar da suka fara ganin kyamara mai ɗan sikirin a baya, ka danna ka duba nan take, ba kyawun hoton suka tsaya aunawa ba. Sun ga an cire musu kwana uku na rashin barci bayan kowane biki.

Sai lissafin kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Babu abin da ake yi a Najeriya cikin kayan hoto. Fim daga waje yake zuwa, Kodak daga Amurka, Fuji da Konica daga Japan, Agfa daga Turai. Kati daga waje, ruwan magani daga waje. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta fara gangara, zuwa shekarar 2000 dala ta haye naira 100. Kayan aiki suna bin dala, mai sayen hoto kuma yana nan yana tayi da farashin bara. Ga azurfar da ke jikin fim da kati, ita ma da nata hawa da saukar a kasuwar duniya, a 2011 sai da ta kusa dala 50 a kan oza ɗaya.

Ka ɗora wannan a kan yadda ake cinikin. Mai hoto shi ke sayen fim da kuɗinsa, shi ke biyan mota, shi ke biyan wanki da buga kati, sannan ya fara neman wanda ya ɗauka. A wurin biki abin ya fi muni, domin kowa cewa yake "mai hoto, ɗauke ni", kuma a lokacin da gaske yake. Bayan kwana uku biki ya watse, wannan ta koma Funtuwa, wancan ya koma Maraɗi, wata ta ga hoton ta ce ai ta rufe ido, wata ta ce an mayar da ita baƙa. Cikin 36, cire waɗanda suka girgiza, cire na rufe ido, cire waɗanda masu su suka ɓace. Abin da ya rage shi zai biya kuɗin duka 36 ɗin, har ya bar maka na cefane. Ragowar kuma banki.

Dijital ta juya wannan ciniki baibai. Dannawa ba ta cin kuɗi. Ka ɗauki mutum sau biyar, ka juya masa kyamara ya zaɓa, ya biya, sannan ka buga wanda ya zaɓa kaɗai. Wanda ya ce bai yi masa ba, ka goge a gabansa ku rabu lafiya. Memori ɗaya ana cika shi a juye a sake cikawa shekara da shekaru. A ganina da babu wani dalili sai wannan, ya isa.

To me ya sa aka daɗe ba a sauya ba? Domin dijital ba ta soke kashe kuɗi ba, wuri ta sauya masa. Fim yana cin ka kaɗan-kaɗan kullum, ita kuma ta ci ka gaba ɗaya rana guda: kyamara, memori, batir, kwamfuta, firinta, da janareto tunda duk waɗannan ba sa aiki da addu'a. Abin ya daɗe yana tafe. Tun 1975 wani matashin injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta kilo 3.6, hotonta baƙi da fari mai ɗigo 10,000 kacal, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A 1991 Kodak ya fitar da ta sayarwa ga 'yan jarida, an gina ta a kan gangar jikin Nikon, da wani akwati da ake rataya a kafaɗa don ajiye hotunan, farashinta na mota sabuwa. A 1999 Nikon ya kawo tasa mai suna D1 a wajen dala 5,000. Sai a 2003 Canon ya fito da 300D, wadda ake sauya wa gilashi kamar ta ƙwararru, a ƙasa da dala 1,000. Daga nan aka buɗe ƙofa. Mu kuma namu ya zo bayan 'yan shekaru, lokacin da Turawa suka fara sayar da na hannunsu don sayen sababbi, gwanjonsu ya gangaro ta Legas da Kano, 'yan kasuwar Dubai da alhazai suka riƙa shigowa da ƙanana. Kawu a 2007 ya sayi tasa, ta hannu, bayan ya sayar da babur.

Na ce fim ya fi ta fitar da hoto a lokacin, bari in nuna inda ya fi ta, don masu hoton da suka yi gardama ba jahilci ne ya sa su ba. A cikin kyamarar dijital, inda fim yake zama an sa wani ɗan faranti, sensa, mai miliyoyin ƙananan gurabe. Kowane gurbi yana auna hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi lamba. Matsalar ita ce gurbin kamar kofi yake, in ya cika ya cika, duk abin da aka ƙara zubewa yake yi. Fim kuwa in haske ya yi masa yawa a hankali yake ƙoshi, yana riƙe da ɗan bayani har a wuri mafi haske. Yanzu ka kawo wannan ƙasar Hausa. Ɗaurin aure da ƙarfe biyu na rana bayan Juma'a, mutum baƙi cikin farar shadda, an yi mata aiki da farin zare. In ka buɗe kyamara don fuska ta fito, riga ta zama farin fili, aska takwas ɗin da aka biya maɗinki kuɗi mai yawa ta ɓace. In ka rufe don aiki ya fito, fuska ta nutse. Fim yana iya riƙe biyun, dijital ta farko ba ta iyawa. Alhazai da yawa sun mayar da hoto saboda wannan.

Na biyu jinkiri. Ƙananan kyamarorin farko in ka danna sai sun yi tunani kafin su ɗauka. A situdiyo ba komai. Amma je ka filin Kangiwa ranar hawan Sallah, mahaya sun sako dawaki a guje za su yi jafi a Ƙofar Soro, ka danna daidai lokacin da aka ja linzami doki ya tashi gaba. Abin da za ka samu ƙura ce da wutsiya. Shi ya sa masu bin hawa, na Katsina da masu zuwa Daura Sallar Gani, suka fi kowa daɗewa da fim a wuya, sai da manyan kyamarorin suka sauko. Na uku ƙurar hunturu. Fim kowane hoto sabon wuri ne, in ƙura ta hau wannan ba ta bin na gaba. Sensa kuwa guda ɗaya ce tana zaune, in ƙwayar ƙura ta shiga lokacin sauya gilashi, tabonta zai fito a wuri ɗaya a hoto ɗari biyar.

Duk da haka akwai wani lissafi da ya kashe gardamar. Yawancin abin da ake bugawa a nan ƙaramin kati ne, inci 5 da 7, ko fasfo. Kati mai inci 5 da 7, in za a buga shi da tsabtar da ido ba zai ga ɗigo ba, ɗigo 300 a kowane inci, yana bukatar 1,500 sau 2,100, wato ɗigo miliyan uku da 'yan kai. Canon ɗin 2003 miliyan shida take da shi. Fifikon fim na gaske ne, sai dai a girman da mutane suke saye ba mai ganinsa sai wanda ya san abin da yake nema. Mai hoto yana gani, kwastoma ba ya gani, kuma kwastoma ne mai kuɗin.

Akwai kuma wuraren da dijital ta fi tun ranar farko. Kowane fim da ƙarfin jin haskensa, 100 na rana, 400 na inuwa da cikin ɗaki. In ka sa na rana, ka ɗaure kanka da shi har hoto 36, ko da an kira ka ɗakin amarya mai ƙwan fitila ɗaya. Masu hali kyamara biyu suke ratayawa. A dijital maɓalli ne kake murɗawa tsakanin hoto da hoto. Haka kala. Fim ɗin da muke samu an yi shi don hasken rana, a ƙarƙashin doguwar fitila sai ya ba da kore, a ƙarƙashin ƙwai ya ba da rawaya, gyaran kuma yana hannun mai injin Kano wanda bai taɓa ganin amaryar ba. Shi kansa injin akwai abin da aka saita shi da shi: shekaru da yawa katin gwajin da Kodak yake raba wa masu wanki, wanda ake kira Shirley, hoton Baturiya ne, da fatarta ake auna daidaiton kala. Ba mamaki baƙar fata ta riƙa fitowa yadda ta ga dama. Da kwamfuta ta shigo shago, hukuncin kala ya dawo hannun wanda ya ga mutumin da idonsa. Abin da muka yi da wannan iko wani zance ne. Yau ana goge amarya da Photoshop har uwar da ta haife ta sai ta duba sau biyu, kuma ni ban ga inda wannan ya fi koren fim ɗin da ya lalace ba.

Har yanzu maganar zaɓi nake yi, kamar kowa ya zauna ya auna ya yanke. Da yawa ba su samu wannan damar ba, tura su aka yi, ta gaba da ta baya.

Ta gaba masu saye ne. Hoton fasfo shi ne abincin yau da gobe na kowane shago, biki na ƙarshen mako ne. Sai hukumomi suka fara ɗaukar hoton da kansu. Fasfon tafiya na lantarki ya fara a 2007, a ofis ake ɗaukar mutum. Rajistar masu zaɓe ta 2011 da kwamfuta da ƙaramar kyamara aka yi ta a kowace mazaɓa. Cike takardun jarrabawa da na neman aiki ya koma intanet, abin da ake nema hoton da zai shiga kwamfuta ne. Wanda har yanzu yake son na kati kuma yana son sa ne yanzu-yanzu, ga yaro a gindin bishiya kusa da ofis da ƙaramar kyamara da firinta mai batir yana ba shi cikin minti biyar, sha yanzu magani yanzu. Masu buga fostar 'yan siyasa da kalandar biki su ma fayil suke tambaya. Ɗan jaridar da a da yake ba direban Kaduna fim ya jira a buga bayan kwana biyu, ya koma shiga shagon intanet ya tura kafin la'asar.

Ta baya kuma masu kawo kayan ne. Wajajen 2003 cinikin kyamarar dijital ya wuce na mai fim a manyan kasuwannin duniya, kamfanoni suka fara janye jiki. Sashen hoto na Agfa ya durƙushe a 2005. A Janairun 2006 Nikon ya sanar da daina yawancin kyamarorinsa masu fim, a Janairun dai kuma Konica Minolta ya ce ya fita daga harkar kyamara da fim gaba ɗaya. Kodak, wanda a gidansa aka ƙirƙiro dijital ɗin, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairun 2012. Amma abin da ya fi taɓa mu yana kusa. Injin wankin kala yana son aiki a kai a kai. Ruwan maganinsa in ba a wuce da fim da yawa ta cikinsa ana sabunta shi ba, lalacewa yake yi a zaune. Da masu kawo fim suka ragu, mai inji ya shiga tsaka mai wuya: ko ya zubar da magani mai tsada ya ƙara kuɗi, ko ya yi ta amfani da gajiyayye kala ta lalace, ko ya ce sai fim ya taru zai kunna. Kowanne ya zaɓa, wasu masu hoton sun ƙara guduwa, na baya suka ƙara shan wuya. Haka abin ya ci kansa. Masu injin da suka tsira su ne waɗanda suka sayi irin su Fuji Frontier, masu karɓar hoto daga memori su haska shi a kan katin nan dai na azurfa su wanke. Don haka wanda ya ce zai je ya wanke hoton wayarsa bai yi kuskuren Hausa ba, in babban shago ya je wankewar ake yi da gaske.

Abin da masu hoto ba su hango ba shi ne, wahalar fim ita ce katangar sana'arsu. Sanin haske ba tare da ka gani ba, sa fim daidai, jure asara, su suka hana kowa zama mai hoto. Da aka sauƙaƙa musu, an sauƙaƙa wa kowa. Kamfanonin Japan sun fitar da kyamarar dijital kusan miliyan 121 a 2010, zuwa 2020 abin bai kai miliyan 10 ba, waya ta cinye. Hoton Sallah, wanda a da ake layi har waje a shagonmu tun daga saukowa idi har bayan hawan Bariki, yau a ƙofar gida ake yin sa. Wanda ya rage a sana'ar shi ne mai fitilu da kayan bidiyo da iya gyara, da kuma matan da suka shigo suna ɗaukar kamu da wunin biki a inda namiji ba ya shiga. A Turai da Amurka an ce matasa sun koma sha'awar fim, har Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome a 2018, Pentax ya yi sabuwar kyamarar fim a 2024. Wannan nishaɗin wanda ya ƙoshi ne. Ban ga mai hoton da ya taɓa tsayawa gaban uwar amarya da zai koma ba.

Wuri ɗaya ne nake ganin an yi asarar da ba a lissafa ba, wato ajiya. Hotunan Sarki Dikko, wanda ya rasu a 1944, suna nan ana kallo. Hotunan bikin da aka ɗauka a 2009 aka zuba a faifan CD kuwa, je ka nemo su. Faifai ya goge, memori ya kama cuta, kwamfuta ta mutu da aikin shekara biyar a cikinta, waya ta faɗa hannun ɓarawo. Dodon hoto ba ya bukatar wuta ko wata manhaja, ambulan kawai yake so da wuri busasshe. Kawu yana da akwatin ƙarfe cike da su, kowace shekara da ƙunshinta.

Bara wata mata ta zo gida nemansa, tunda ya bar shago. Mahaifinta ya rasu, hotonsa ɗaya tak da suke da shi gara ta cinye rabinsa, a bayansa kuma akwai hatimin shagon Kawu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ko Allah ya sa kana da wani?" Ya tambaye ta shekarar. Ta ce ba ta sani ba, amma an ce lokacin da aka ba Katsina jiha ne. Ya sa aka jawo akwatin, ya ciro ƙunshin 1987, ya riƙa ɗaga dodanni ɗaya bayan ɗaya yana kallonsu ta hasken ƙofa. Kafin la'asar ya ce, "'Yar nan, ga babanki." Mutum ne zaune a kujera, hula a karkace, hannu ɗaya a kan rediyo.

Jan ƙwan fitila da farantan nan uku sun daɗe da tafiya. Sai na kunna farin haske a sikirin ɗin waya, na ɗora dodon a kai da 'yar tazara, na ɗauke shi da tsohuwar Canon ɗin Kawu, na juya shi a kwamfuta baƙi ya koma fari. Na tura mata ta WhatsApp a daren, kafin safiya ya zaga danginsu har Jibiya.

Da na gaya wa Kawu, sai ya ce, "Ta biya?"

Na ce ta ce za ta aiko.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wannan ko abin jefawa a kwali babu."